Farne, Isle of May ko Skomer: Ina Ya Fi Dacewa a Je Ganin Fafin?

Da zarar Afrilu ya kama, wani ɗan tsuntsu mai baƙin baya da farin ƙirji yakan baro tsakiyar tekun Atlantika ya dawo tsibiran Birtaniya yin ƙwai. A jikin tikiti da allunan tashar jirgi za ka ga an rubuta puffin, mu kuwa fafin za mu ce. Bai fi tantabara girma da wani abin kirki ba, sai dai ya fi ta kauri, ga ƙafafu ruwan lemo, ga faffaɗan baki mai zanen ja da ruwan ɗorawa. Wata takwas ko fiye yakan yi a kan ruwa bai taka ƙasa ba. In ya dawo, ba ya saƙa sheƙa a bishiya: rami yake haƙawa, ko ya gyara na zomo, macen ta sa ƙwai ɗaya tak, su yi ta karɓa-karɓar kwanci wajen mako shida. Yawanci ramin bara suke komawa, kuma da abokin zaman bara.

Na rubuta wannan ne domin 'yan uwanmu da karatu ko aiki ya kai Birtaniya, waɗanda ke Newcastle, Edinburgh, Dundee, Cardiff da sauransu, masu Asabar ɗaya da ɗan abin da aka tara, da ba sa son su kashe shi a banza. Wurare uku ne suka fi suna wajen sauke baƙi a tsakiyar tsuntsayen: tsibiran Farne a arewa maso gabashin Ingila, Isle of May a Sikotilan, da Skomer a kudu maso yammacin Wales.

Kafin zancen wuri, akwai zancen lokaci, kuma shi ne ya fi hana mutane ganin abin da suka je nema. A Afrilu tsuntsayen suna zuwa suna komawa, yau tsibiri ya cika, gobe ka tarar da shi wayam duk sun koma ruwa. A Mayu ana kwanci, ɗaya na cikin rami ɗaya na teku. Daga farkon Yuni zuwa tsakiyar Yuli ne ƙwai suka ƙyanƙyashe, iyaye ke ta zirga-zirga da kifi a baki, kuma wannan shi ne abin da kake gani a hotuna. Ƙarshen Yuli sun fara watsewa. Wanda ya bari sai hutun Agusta, jirgi zai ɗauke shi, kuɗinsa kuma za a karɓa, amma ramuka zai tarar babu kowa. Saboda haka kowanne ka zaɓa a cikin ukun, ka nufi Yuni ko makon farko na Yuli.

Abin da nake auna su da shi kuwa shi ne tsawon lokacin da ƙafarka za ta yi a kan tsibirin, da wahalar da za ka sha kafin ka taka shi. Kuɗin jirgi ba shi ne ya raba su ba, duka suna kusa da juna. Kuɗin isa gaɓa da na kwana ne ke da bambanci mai yawa.

Farne su ne mafi sauƙi ga wanda ke arewacin Ingila. Ana tashi daga Seahouses, wani ƙaramin garin masunta a Northumberland, wajen kilomita 80 arewa da Newcastle. Jirgin ƙasa zai kai ka Alnmouth ko Berwick, sai ka ƙarasa da bas ta bakin gaɓa. Kamfanonin jirage da yawa ne suka jera rumfunansu a tashar, don haka samun wuri bai cika zama tashin hankali ba, ko da yake a ƙarshen mako na Yuni gara ka saya tun daga gida. Ka kula sosai da irin tikitin da kake yanka, domin akwai na zagayawa kawai, akwai na sauka a Inner Farne, ɗaya daga cikin tsibiran. Na saukar yakan ɗauki wajen awa uku gaba ɗaya, awa ɗaya daga ciki a kan tsibirin. Ƙungiyar National Trust ce ke kula da wurin, kuma kuɗin saukarta daban yake da kuɗin jirgi, sai in kai mamba ne.

Zagayen da ake yi kafin sauka shi kansa abin kallo ne. Jirgin yakan matsa dab da duwatsun da suka miƙe tsaye daga cikin ruwa, samansu a cunkushe da tsuntsayen gilmot kafaɗa da kafaɗa, gefensu ya yi fari fat da kashi, warin kuma zai riske ka tun kafin ka iso. Za ka ga dabbobin tekun nan da ake kira sil kwance a kan faƙo, wasu sun leƙo da kai daga ruwa suna bin jirgi da ido. Sama da 'ya'ya 2,000 suke haifa a nan kowace kaka. Matuƙin zai nuna maka jar hasumiyar fitila ta Longstone, inda a watan Satumban 1838 wata budurwa 'yar shekara 22, Grace Darling, ita da mahaifinta suka tuƙa kwalekwale cikin hadari suka ceto mutum tara daga jirgin Forfarshire da ya fashe a kan dutse. A Inner Farne kuma akwai ɗan tsohon coci na tunawa da Cuthbert, malamin Kirista da ya yi zaman kaɗaici a can tun daga shekarar 676, kuma a can ya rasu a 687, wanda ake danganta masa dokar hana taɓa agwagin tekun wurin.

Amma abin da kowa ke tunawa da Inner Farne shi ne sara a ka. Wasu fararen tsuntsaye masu jan baki da baƙar hula, Arctic tern, suna yin ƙwai a ƙasa dab da hanyar da ta taso daga matsayar jirgi. Kana hawowa sai ka ji ƙara a saman kunnenka, ɗaya ya tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike daidai goshinka, ya kai maka sara a tsakiyar ka, ya tashi ya sake dawowa. Wani lokaci har jini yake fitarwa, ga kashi da yake saki a kafaɗa. Hula mai kauri dole ce, kuma ba a kai masa duka. Ka sunkuyar da kai, ka dubi inda kake sa ƙafa saboda 'ya'yansa na iya kasancewa a bakin hanya, ka wuce. Ni dai ba na jin haushinsa, don wannan tsuntsu da nauyinsa bai wuce giram 100 ba, masana na Jami'ar Newcastle sun maƙala wa wani daga Farne na'ura, suka tarar ya yi tafiyar kusan kilomita 96,000 a shekara guda: ya bi ta gaɓar yammacin Afirka, ya zagaya ƙarshen nahiyar, ya kai Antatika, ya dawo wurin da ya baro. Duk da haka, mai ƙananan yara ya yi tunani, domin yaron da ya tsorata a minti biyar na farko ba zai more sauran ba.

Matsalar Farne ita ce awa ɗayan nan. Tsibirin ƙarami ne, hanyar katako ce ta zagaye shi, jirage kan sauke mutane kusan lokaci guda, kowa na neman bakin igiya ya ɗauki hoto. Fafin suna nan birjik, kusa kuma, amma kana fara natsuwa za a ce a koma jirgi. Wurin ya sha wuya kwanan baya: murar tsuntsaye ta sa an rufe shi ga baƙi a Yulin 2022, ma'aikata suka kwashe gawar tsuntsaye sama da 6,000 a wannan shekarar, ba a sake sauke kowa ba sai Maris ɗin 2024. Abin farin ciki, ƙidayar 2024 ta nuna fafin wajen aure 50,000, sama da kusan 44,000 na 2019.

Isle of May tana bakin mashigin Forth, wajen kilomita takwas daga gaɓar Fife. Babban jirgin da aka fi sani, May Princess, yana tashi daga Anstruther da mutum kusan ɗari, yana da rumfa da makewayi da ɗan wurin sayen shayi. Ƙetarawa kan ci kusan awa ɗaya, a ba ka awa biyu da rabi zuwa uku a tsibirin, sannan a zagaya da kai ƙarƙashin dogayen duwatsun yamma. Akwai kuma ƙananan jirage masu gudu, daga Anstruther da kuma North Berwick, ga wanda bai damu da jiƙewa da jijjiga ba. Mai ciwon baya ko mai juna biyu ya bar su. Hukumar NatureScot ta gwamnati ce ke riƙe da tsibirin, ba a biyan kuɗin sauka. Lokacin tashi yana bin cikowar teku da janyewarsa, yau da safe, jibi da rana, don haka sai ka duba ranar da ta dace da bas ɗinka daga Edinburgh, Dundee ko St Andrews.

A ganina nan ne aka fi samun daidaito. Tsawon tsibirin wajen kilomita ɗaya da rabi ne, faɗinsa rabin kilomita, hanyoyi sun rarrabu, mutum ɗarin nan suna sauka sai su baje, ka sami gefen da babu kowa ka zauna. Zaman nan shi ne sirrin kallon fafin. Minti goma na farko ba ka ganin komai sai tsuntsaye tsaye a kan dutse. Can sai idonka ya fara rarrabewa: ga ɗaya ya taso daga teku yana kaɗa fiffike da sauri kamar zai faɗo, bakinsa jere da sirāran kifaye masu sheƙi, wajen goma, kawunansu da wutsiyoyinsu na reto ta gefe biyu. Bai sauka nan take ba, sai ya zagaya ya sake zagayawa, domin wani ƙaton tsuntsun gal na tsaye kusa da raminsa yana jira ya yi masa ƙwace. Da ya ga sarari sai ya faɗo da ƙafafu a buɗe, ya dungura, ya shige rami kafin ka ɗaga kyamara. Bayan ɗan lokaci ya fito baki wayam, ƙirjinsa duk ƙasa, ya girgije ya koma ruwa. Daga ƙarƙashin ƙasa kuma kana jin wani gurnani mai kauri, kukansu ke nan a cikin rami. Awa ɗaya ba ta isa a ga wannan sau da yawa, awa uku kuwa ta isa.

Tarihin fafin a wannan tsibiri yana nuna yadda rayuwarsu ke rataye da kifin nan, sandil. A 1959 aure biyar kacal aka sani a wurin. Zuwa 2003 sun kai wajen 69,000, sannan suka faɗi, a 2017 aka ƙirga kusan 39,000, a 2024 kuma suka farfaɗo zuwa wajen 52,000. Ɗumamar ruwan teku da kamun kifi na manyan jirage duk suna rage sandil, shi ya sa a 2024 aka haramta kama shi a ruwan Sikotilan da ɓangaren Ingila na Tekun Arewa. Ga mai son gine-gine, akwai kufan hasumiyar 1636 da ake hura wutar gawayi a samanta don jirage su gani, da babbar hasumiyar da Robert Stevenson ya gina a 1816, da tashar nazarin tsuntsaye da aka kafa tun 1934. Su ma masu saran kan nan suna nan kusa da matsayar jirgi, sai dai wurin da suka tsare bai kai na Inner Farne matsi ba.

Skomer kuwa wani abu ne daban, kuma da a ce isa can da sauƙi, da ban tsaya dogon bayani ba. Ƙetarawar gajeriya ce, wajen minti 15 daga wani ɗan lungu da ake kira Martin's Haven a Pembrokeshire, abin da ya sa ya fi dacewa da mai saurin jiri a ruwa. Kana sauka matakala 87 na jiranka, a tsaye suke, babu wata hanyar. Daga nan tsibirin naka ne na wajen awa huɗu da rabi zuwa biyar. Yana da faɗi, kusan murabba'in kilomita uku, kuma mutum 250 kawai ake bari a rana. A watan Mayu furanni shuɗɗa kan rufe tsakiyarsa, daga baya jajaye su biyo.

Akwai wani wuri a kudancinsa da ake kira The Wick, inda hanya ta ratsa tsakanin bakin dutse da ramukan fafin. A nan ba kai ke matsawa kusa da su ba, su ke zuwa. Tsuntsu zai sauka a gefen teku da kifinsa, raminsa kuma yana ɗaya gefen, sai ya tako har bakin hanya ya tsaya yana duban ƙafafun mutane, yana jira a ba shi wuri. In aka ja baya sai ya sunkuyar da kai ya ruga ta gaban takalminka. Masu aikin sa kai kan tsaya a wurin suna roƙon mutane su bar tazara, don duk daƙiƙar da ya ɓata a tsaye dama ce ga mai ƙwace, ɗansa kuma na cikin rami da yunwa. Ina roƙon duk wanda ya je ya ji maganarsu. Hoto ba ya kai abincin ɗan tsuntsu daraja.

Ƙungiyar Wildlife Trust ta kudanci da yammacin Wales ce ke kula da Skomer, kuma a 2025 ta ƙirga fafin 43,626, adadin da ba a taɓa samu ba a can kafin wannan shekarar. Kada wannan lamba ta ruɗe ka in ka jera ta da na sauran biyun. A Skomer tsuntsaye ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya, na ƙasa da na ruwa da na sama, da yammacin wata rana ta farkon bazara. A Farne da Isle of May kuwa ramukan da ke da mai shi ake ƙirgawa, kowane rami aure ɗaya. Wato na waɗannan biyun sun fi yawa a lissafi. Amma yawa ba ya nufin komai ga mai kallo, wanda ya ga dubu biyu a gabansa ba zai san bambancin 40,000 da 100,000 ba.

Babban abin da Skomer ke da shi ma ba a ganinsa da rana. Ƙarƙashin ƙasar da kake takawa akwai wajen aure 350,000 na wani tsuntsu, Manx shearwater, wanda shi da na maƙwabciyarta Skokholm sun kai kusan rabin duk na duniya. Sai dare ya yi duhu suke shigowa daga teku, saboda a ƙasa ba su da kataɓus, manyan gal na cinye su; fikafikan da za ka riƙa gani yashe a bakin hanya nasu ne. In kaka ta yi su nufi gaɓar Ajantina. Wanda ke son jin kukansu na dare sai ya kwana a ɗan masaukin tsohuwar gonar tsibirin, gadajensa 16 ne, kuma akan kama su watanni da yawa kafin lokaci.

To ga inda gizo ke saƙar. Tikitin Skomer ta intanet ake saye, ana fara sayarwa tun cikin hunturu, ranakun Yuni kuma sukan ƙare da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Martin's Haven na can ƙurya, tashar jirgin ƙasa mafi kusa ita ce Milford Haven ko Haverfordwest, bas kuma ba ta da yawa, ga shi ana son ka yi rajista kafin lokacin tashi. Wanda ba shi da mota kusan dole ya kwana a yankin, ya kuma biya tasi. Daga Cardiff wajen awa biyu da rabi ne a mota, daga Landan ninki biyu. Sannan iskar arewa in ta taso jirgi ba ya iya tsayawa a matsayar, sai a soke tafiya, a mayar maka da kuɗin tikiti, amma na masauki da na mai sun tafi, samun wata ranar kuma a Yuni da wuya. A sauran biyun ma teku kan hana fita, sai dai can asarar ba ta kai haka ba, musamman a Seahouses da jirage ke da yawa. A Skomer babu wurin sayen abinci, babu inuwa, sai abin da ka ɗauko a jaka.

Akwai waɗanda sauka ba ta dace da su ba, dattijo mai ciwon gwiwa, ko mai jariri. Su ma ba su rasa ba. Daga North Berwick, wajen rabin awa a jirgin ƙasa daga Edinburgh, ana zagaya Craigleith mai fafin da kuma Bass Rock, dutsen da ya yi fari da tsuntsayen ganet, waɗanda a 2014 aka ƙirga wajen aure 75,000 kafin mura ta rage su. Daga Amble a Northumberland ana zagaya tsibirin Coquet cikin awa guda; ba a sauka, amma nan ne matattarar wani tsuntsun tern mai ɗan ja-ja a ƙirji da ke yin hunturunsa a gaɓar Ghana. Wanda ba ya son shiga ruwa sam sai ya nufi Bempton a gabashin Yorkshire, ya tsaya a kan dutse mai tsayin mita 120 ya leƙa. Tsuntsaye wajen rabin miliyan ne, amma fafin kaɗan ne kuma suna nesa, sai da madubin hangen nesa. Daga cikin jirgi ma haka abin yake, za ka gan su a ruwa da sama suna wucewa, ba za ka ga idonsu ba.

Ko ina za ka, ka sa kaya masu kauri da rigar ruwa ko da rana ta fito a gari, iskar teku na shiga jiki. Takalmi mai riƙe ƙasa, ba silifa ba. Mai jiri ya sha magani kafin ya shiga jirgi, ya zauna a waje yana duban nesa. Ka yi alwala tun a gaɓa, domin ruwa a tsibiran nan ƙalilan ne. In azahar ta riske ka a Skomer ko Isle of May, ka tambayi ma'aikata inda za ka shimfiɗa sallaya kusa da gine-gine. Kada ka ga ciyawa mai laushi a gefen hanya ka hau, ƙarƙashinta ramuka ne, taku ɗaya na iya rufta rami a kan ƙwai ko ɗan tsuntsu. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara da rabi zuwa goma, don haka mai zuwa Farne na awa uku zai iya jira ya dawo gari.

Da wani zai ce in zaɓar masa guda ɗaya, ba shi da mota, kuma yana iya isa Edinburgh ko Dundee, Isle of May zan ce ba tare da jinkiri ba: awa uku a ƙasa, babu kuɗin sauka, ana iya zuwa a dawo a yini guda. Wanda ke Newcastle, Sunderland ko Durham, ko mai baƙi da ba za su jure dogon yini ba, Inner Farne ta ishe shi, ya haɗa da ganuwar Bamburgh da ke kusa. Skomer ta mai mota ce, ko abokai huɗu da za su haɗa kuɗin haya da na masauki, su sayi tikiti tun Janairu, su kuma ware kwana biyu a yankin maimakon ɗaya, su ajiye na biyun ko iska za ta juya arewa.